Yadda na rage wa injin motata zafi a hanyar Shere

Kan kwalta lafiya lau, amma da na kama hawan duwatsun Shere, kusa da Jos, da giya ta ɗaya sai allurar zafi ta fara tashi. An wanke lagireto, fanka na juyawa daidai. Ashe a tafiyar hankali zafi ne ke taruwa ƙarƙashin bonet, ya rasa mafita.

Na sayo tagogin iska biyu, fanal bita ya yanka bonet ya ɗaura su. Wurin yankan shi ne magana: can gaba, bayan lagireto kaɗan. Kusa da gilashin gaba iska ciki take turawa in ana gudu. Mun kauce wa saman batir saboda ruwan Jos, muka shafe bakin yankan da fenti gudun tsatsa.

Yanzu allura ba ta wuce tsakiya.