In yarinya ta zo maki da cikin da ba ta shirya ba

'Yan uwa mata na majami'a nan Tahoua, mu dai mun yarda rai na Allah ne tun yana cikin mahaifa, Zabura 139 ta faɗa, shi ya sa ba mu yarda da zubda ciki ba. To amma faɗa da baki kawai ba ya isa.

In ta zo tana kuka, don Allah kar ki fara da wa'azi, ki ba ta ruwa, ki zauna kan tabarma kusa da ita ki ce ɗiyata ina jin ki. Tsoron babanta ne ya fi cin ta, saboda haka ki samu matar pasto ko wata dattijuwa ku tafi gidan tare, kar a bar ta ta faɗa ita kaɗai.

Sannan awo. Ki raka ta CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na kusa da ku, da kanki tun watannin farko, a ba ta maganin ƙarin jini da na masassara, ta riƙa kwana cikin sange, in ciki ya zo da matsala akwai asibitin Galmi. A taron zumuntar mata kowa ta kawo abin da ta samu, dala ɗari, zane, sabulu, tiyar gero ta kunu, kuma bayan suna ma ku ci gaba da leƙa ta, don lokacin ne kowa ke watsewa.