Daga Sirdin Keke Zuwa Kujerar Manaja: Inda Tsofaffin 'Yan Tsere Ke Tuntuɓe

Idan ɗan tseren keke ya yi ritaya aka damƙa masa ƙungiya, abin da ya fi ka da shi shi ne auna yaransa da jikinsa. Sai ka ji yana cewa su a zamaninsu ba a kukan gajiya. To, zamanin ya wuce. Yau kekunan na ɗauke da na'urar auna ƙarfin taka feda, ga masu horarwa, ga masana abinci, gara manaja ya bar kowa ya yi aikinsa. Cyrille Guimard, ɗan tseren da ya zama manaja, bai taɓa cin Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, ba, ciwon gwiwa ya hana shi sakat, amma a hannunsa Van Impe ya ci a 1976, Hinault a 1978, Fignon a 1983. Ido ya yi masa aikin da ƙafa ta kasa.

Sai kunyar fitar da jagora, wato wanda sauran 'yan ƙungiya za su yi wa aiki don ya ci. Tsohon ɗan tsere ya san zafin a ce ka tare wa wani iska, ka ɗauko masa ruwa, don haka sai ya yi ta kwana-kwana kada ya ɓata wa kowa. Amma mutum takwas kacal ƙungiya ke sakawa a Tour, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ƙungiyar Movistar ta gwada jagorori uku a Tour na 2018, Quintana da Valverde da Landa, babu wanda ya shiga ukun farko. A faɗa wa kowa matsayinsa tun kafin a tashi, ba ta rediyo a tsakiyar hawan dutse ba.

Kuɗi kuwa, yawancinsu sai a makare suke ganewa. 'Yan kallo a bakin titi ba sa sayen tikiti, kamfanin da sunansa ke jikin riga shi ke biyan albashi. Ƙungiyar HTC-Highroad, duk da gwanin ɗan tserenta Cavendish da tarin nasarori, ta rufe a ƙarshen 2011 don rashin mai ɗaukar nauyi. Tun kwantiragi na da saura ake fara neman wani.

Wanda kuma ya taɓa shan ƙwayoyin ƙara kuzari, gara a ji daga bakinsa. Bjarne Riis yana manajan ƙungiyar CSC a 2007 ya amsa cewa ya yi amfani da EPO, haramtaccen maganin ƙara jini, lokacin da ya ci Tour na 1996. Johan Bruyneel, wani tsohon ɗan tseren da ya zama manaja, ya yi ta musun zargin harkar ƙwayoyi a ƙungiyarsa, a 2018 aka haramta masa harkar har abada.