Yadda Ake Gane Rikiɗaɗɗen Dutse a Kewayen Abuja

Ba duk tsakuwar da tipa ke juye maka a wurin gini ce giranit ba, ko da mai ita ya rantse. Wani abin da ake fasawa a nan rikiɗaɗɗen dutse ne. Asalinsa wani dutse ne daban da ya nutse can ƙarƙashin ƙasa, zafi da nauyin da ke danne shi suka sauya masa kama ba tare da ya narke ba. Wanda ya narke ya sake daskarewa, irin su Zuma da Aso, wannan wani dangi ne.

Zafin cikin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a duk kilomita ɗaya, rikiɗar kuwa takan soma daga wajen digiri 200. Duwatsun yankin nan sun sha matsa mai tsanani kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce.

Tanadi guduma, ƙusa, kwalba da lemun tsami.

Da farko fasa dutsen, ka kare idonka. Kada ka yi hukunci da bayansa, rana da ruwan sama sun riga sun ɓata shi. Jiƙa sabuwar fuskar da ruwa, zanen zai fito sarai.

Sai ka nemi layi. In ka ga fari da baƙi sun jeru layi-layi kamar saƙar gwado, nayis ke nan, kuma shi za ka fi yawan gamuwa da shi. Wani lokaci layukan sun lanƙwashe sun murɗe, sai ka ce an tuƙa tuwo an bari rabi: alamar dutsen ya kai bakin narkewa. Giranit ba shi da wannan tsari, ƙwayoyinsa a warwatse suke kamar an gauraya gero da dawa. Wanda ke ƙyalli yana ɓarewa falle-falle a hannu shist ne. Silet kuma, allon 'yan firamare na da, daga laka ya fito. Ƙarin zafi da matsa ne ke kai shi ga zama shist, daga nan nayis.

In babu layi, dutsen kuma fari ne ko ruwan toka, to ƙusa za ta raba gardama. Mabul, kamar na Jakura a Jihar Kogi, wanda ya rikiɗo daga dutsen farar ƙasa, yana da taushi, ƙusa na karce shi. Kwazayit, rikiɗaɗɗen dutsen yashi, shi ne ma zai karce kwalba. Kankaro garin dutsen kaɗan, ka matsa masa lemun tsami. In ya yi 'yar kumfa, mabul ne.

Shi ya sa nake hana mutane shimfiɗa shi a kan teburin kicin. Tsamin da ya ba ka amsa yanzu, shi zai dusashe masa ƙyalli.