Yadda ake tafiya da sojojin Washington a wasan Assassin's Creed III

Wanda ya fara buga Assassin's Creed III, wasan da kamfanin Ubisoft ya fitar a 2012, yakan ɗauka cewa masu shuɗin kaya, wato sojojin Amurka masu yaƙin neman 'yanci, nasa ne, masu jan kaya kuma, wato sojojin Ingila, abokan gaba. Wannan zaton ya jefa 'yan wasa da yawa cikin wahala. Connor, gwarzon wasan, ɗan ƙabilar Mohawk ne, ɗaya daga ƙabilun asali na Amurka, bai taɓa shiga rundunar George Washington ba, tafiya ce kawai ta haɗa su. Ga yadda za ka yi hulɗa da su.

Da farko ka gane waye waye. Majalisar yankuna 13 na Amurka da ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila a lokacin ta kafa rundunar ne ranar 14 ga Yuni 1775, ta damƙa wa Washington jagoranci. Saboda haka mutanen da kake jagoranta a faɗan Lexington da Concord, wanda aka yi ranar 19 ga Afrilu 1775, 'yan sa-kai ne na garuruwa, manoma da masu sana'a. A gadar Concord aikinka shi ne ka riƙa sukuwa a kan doki tsakanin rukuni uku kana ba su umarnin harbi. Kada ka yi gaggawa. Bari jajayen su matso su cunkushe, sannan ka ce a buɗe wuta, domin bindigar zamanin ɗura ta ake yi kamar ta mafarauta, harbi ɗaya sai a koma ɗuri.

Wannan jinkirin ɗuri shi ne mabuɗin mataki na biyu, kuma a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. A faɗan Bunker Hill, na 17 ga Yuni 1775, za ka tarar da Janar Israel Putnam na ɓangaren Amurka yana zuga mutanensa, kai kuma an ɗora maka tsallake fili don ka kai ga John Pitcairn, hafsan sojan Ingila. Sojojin Ingila suna jeruwa sahu su yi harbi a tare. Ka laɓe a bayan dutse ko tudun ƙasa, ka ji ƙarar ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, sai ka ruga zuwa mafaka ta gaba kafin su gama ɗuri. Wanda ya miƙe kafin harbin ya sha dalma. Idan ka haye, ka bi ta kan bishiyoyi ka faɗo wa Pitcairn daga sama. A faɗan cikin gari ma haka ne: da ka ga sahu ya saita ka, damƙo sojan da ke kusa ka yi garkuwa da shi.

Na uku, ka ƙwato musu sansanoni. Guda bakwai ne, biyu a Boston, biyu a New York, uku a daji. Ka kashe kwamandan, ka fasa rumbun albarushi, ka sauke tuta, sai shuɗayen su shigo su zauna, kai kuma ka samu wurin saurin tafiya.

Na huɗu, kada ka sake jiki da su. Bayan Ingila ta bar Boston a Maris 1776, su ne ke sintiri a tituna, kuma in ka ture ɗayansu ko suka gan ka a kan rufi, za su bi ka kamar yadda jajayen suka yi. In sunanka ya yi zafi, yage takardun cigiya da ke bango, ko ka ba mai shela cin hanci, ko ka biya a gidan ɗab'i.

Na ƙarshe, duk sunan da ka ci karo da shi, buɗe ma'ajiyar bayanai ta cikin wasan ka karanta, domin an cakuɗa gaskiya da ƙage. Sanyi da yunwar Valley Forge, sansanin rundunar Washington, a hunturun 1777 zuwa 1778 gaskiya ne, kusan mutum 2,000 suka mutu, akasari saboda cuta. Benjamin Church, babban likitan rundunar, an kama shi da aika wa Ingila saƙon asiri. Thomas Hickey yana cikin masu gadin Washington, amma rataye shi aka yi a New York a Yuni 1776, ba Connor ya kashe shi ba kamar yadda wasan ya nuna. Charles Lee kuwa, janar a rundunar Washington da wasan ya mayar babban mugu, ja da baya ya yi a faɗan Monmouth na 1778, inda a wasan kai kake riƙe igwa kana kare masu gudu, aka gurfanar da shi a kotun soja. Shuɗin kaya iri ɗaya ma sai 1779 ya zama doka, kafin nan kowa da abin da ya samu.

Inda na fi yaba wa wasan shi ne da bai wanke Washington ba. Connor zai gano cewa shi ne ya ba da umarnin kai hari ƙauyensu, kuma a tarihi a 1779 Washington ya tura Janar John Sullivan ya ƙone garuruwan Iroquois, ƙawancen ƙabilun da Mohawk ke ciki, fiye da 40 da gonakinsu.