Minti goma bayan an ɗauke ruwa

Jama'a, ga wata 'yar dabara kyauta. Da zarar ruwa ya ɗauke, ajiye waya a ɗaki, fita tsakar gida ko bakin gona, minti goma kawai.

Fara da addu'ar da aka koyar da mu: "Muɗirna bi fadlillahi wa rahmatihi." Sai ka yi shiru.

Shaƙi ƙamshin ƙasa. Ƙura ta kwanta, iska ta yi sanyi. Dubi ganyen darbejiya yadda ya wanku, dubi geron da jiya ya yi yaushi yau ya miƙe. Ƙirga ni'ima uku da idonka ya gani, ka ce Alhamdulillahi kan kowacce. Godiya ta fi shiga zuciya idan abin yana gabanka. Ni kam, ranar da na yi haka ko faɗan yara ba ya tayar min da hankali.

Amma in ana tsawa, zauna ciki, kar ka fake gindin bishiya. Lokacin marka, cikin Agusta, guji jikin katangar ƙasa da bakin kwalbati. Bayan magariba kuwa sauro zai raba ka da zikirin. Sa takalmi, ruwan farko kan fito da kunama.