Rinin Alminiyam a Gida: Kurakuran da Ke Cin Huhu da Ido

Matasanmu a Sakkwato sun fara koyon rinin alminiyam da lantarki, aikin da ake kira anodaizin. Ana tsoma ƙarfen cikin ruwan asid, a ba shi wuta, sai ya yi wata fata mai tauri da ke shan rini. Sana'a ce mai kyau ga masu gyaran babur da masu kayan ado. Sai dai na shiga shagon wani ƙanena na ji maƙoshina yana ƙaiƙayi tun daga bakin ƙofa. Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, sifanonin da ke rataye ma haka, rigarsa duk ƙananan huji. Na ce masa, "Ƙane, abin da ya ci ƙarfen nan shi kake shaƙa kullum."

Babban kuskure shi ne yin aikin a rufaffen ɗaki. Da zarar an kunna wuta, kumfa za ta riƙa tasowa daga cikin robar da aka zuba asid ɗin. Iskar haidirojin ce ke fita ta ɓangaren dalmar da ake tsomawa cikin ruwan a maƙala mata ɗaya wayar lantarkin, kuma kowane kumfa da ya fashe yana watsa feshin asid wanda ido ba ya gani. Feshin ne ke kawo tari da zafin ƙirji, yana kuma cin haƙora a hankali. Ita kuwa haidirojin ba ta da wari ko launi, ga ta da rashin nauyi, sai ta hau ta taru ƙarƙashin rufi. Idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Mutanenmu kan rufe taga saboda ƙurar hunturu kada ta ɓata aiki. Na fahimci dalilin, amma gara ƙura a kan ƙarfe da asid a cikin huhu. A yi aikin a ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, nesa da murhu da wurin wasan yara, ka tsaya iska na bugun bayanka. In dole sai a ɗaki, to a kafa fanka a taga tana jan iska waje, a buɗe wata kafa a ɗaya gefen. Fankar sama ba ta fitar da komai, juya gubar kawai take yi.

Takunkumin ƙyalle da muke sawa lokacin hazo ba ya tare feshin asid. A nemi na masana'antu mai matatar da aka yi don asid, shi ma bayan an gyara hanyar iska.

Sai zafin garinmu. Ruwan aikin yana son sanyi kusan digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40, ga wutar kanta tana ƙara ɗumama shi. Ruwa in ya yi zafi fatar takan fito da laushi kamar gari, sai mai aiki ya zaci wuta ce ta yi kaɗan, ya ƙara, kumfa ta ƙaru. Mafita ita ce a ajiye robar asid cikin babban baho mai ruwa da ƙanƙara, a yi aikin bayan asuba. Kada a jefa ƙanƙarar cikin asid.

Wajen haɗi, asid ake tsiyayawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi zai ga ya tafasa nan take ya fantsamo masa a fuska. Ruwan batir da ake saye ma yana ƙuna sosai. Mazubi kuma roba mai kauri, ban da bokitin ƙarfe ko tukunyar alminiyam.

Sodar sabulu da ake wanke ƙarfen da ita kafin a fara, ita aka fi rainawa don mun saba ganinta a hannun iyayenmu mata. Tana cin alminiyam tana fitar da haidirojin, kuma a ido ta fi asid ɓarna. Tabaraun kariya mai rufe gefe da safar hannu ta roba wajibi ne.

A kashe wuta daga soket kafin a taɓa maƙalan waya, domin a nan tartsatsi ke fita, daidai saman robar. Janareta ya zauna can waje, sigari kuwa ko kusa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zuba asid a gorar ruwan sha. A zafin Sakkwato yaro mai ƙishi ba ya tambaya. A rubuta suna a jikin jarka, a kulle ta. Ragowar ruwan aiki kuma kada a sheƙa shi a kwata inda awaki ke sha, a riƙa barbaɗa masa garin kanwa a hankali har ya daina kumfa.

In tsautsayi ya afka, a cire tufar, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a kan fata ko ido na aƙalla minti 15, ba manja, ba man goge baki. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai. A ɗauki jarkar a tafi da shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, don likita ya ga ainihin abin da ya sha.