Kurakuran da ke kashe Raspberry Pi a hannun sabbin shiga

A 'yan shekarun nan samarinmu na wajen Ringim, Gumel da Haɗejiya sun fara taɓa waɗannan 'yan ƙananan kwamfutoci da ba su wuce tafin hannu ba, wato Raspberry Pi da danginta. Wani don koyon rubuta manhaja, wani don kunna famfon noman rani, wani kuma gani kawai ya yi a YouTube. Madalla. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ake kawo mini su a leda ana cewa "Yaya, ta mutu", in duba in tarar kuskuren jiya ne wani ya maimaita yau.

Ku fara riƙe wannan. Tun da aka fara sayar da ita a 2012 daga Cambridge ta Ingila, babbar manhajar da ke tafiyar da ita a kan katin memori take zama, irin na waya. Katin ya lalace, komai ya tsaya, alhali allon, wato jikin na'urar kanta, lafiyarsa lau.

Wajen zaɓen manhaja, da yawa suna ɗauka duk mai suna Pi ɗaya ne. Orange Pi da Banana Pi na wasu kamfanoni ne daban, Raspberry Pi OS, wato babbar manhajar Raspberry, ba za ta tashi a kansu ba. Nemi Armbian, babbar manhajar da ake yi wa irin waɗannan alluna, ka zaɓi wadda aka yi wa ainihin lambar allonka. A cikin gidan Raspberry ma akwai bambanci: Pi 1 da Zero na farko ba sa ɗaukar manhajar da aka rubuta wa 64-bit, Pi 5 da ta fito a 2023 kuwa ba ta karɓar fitowar Raspberry Pi OS da ta girmi wadda ake kira Bookworm. Raspberry Pi Imager, wato manhajar da ake ɗora babbar manhajar a kati da ita, tana tambayarka allon da kake da shi tun a farko. Amsa mata gaskiya, ta tace maka.

Sai masu son kaya. Yaro yana da Zero 2 W mai ƙwaƙwalwar 512MB, ya dage sai ya ɗora cikakkiyar manhaja mai tagogi da burauza, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, sannan ya ce tana nauyi. Ni in dai ba za a jona mata talabijin ba, Lite nake sawa, wato marar nauyin da ba ta da tagogi. Datar sauke ta ma ba ta kai rabin ta cikakkiyar ba, ga wanda sai ya hau tudu yake samun sabis kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga wanda ke ɓata mini rai: sabunta manhaja a kan wutar da ba ta da tabbas. Na taɓa haɗa wa wata makarantar ƙauye Pi 4 da manhajar Kiwix a ciki, yara su riƙa karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Sai da na yi ta zarya birni kafin na gama sauke kayan. Wani ɗalibi mai ƙwazo, Allah ya shirye shi, ya karanta cewa sabuntawa wajibi ne. Ya jona ta da datar wayarsa bayan magariba, lokacin da batirin sola ya riga ya yi sanyi, ya buga umarnin sabuntawa, wato sudo apt full-upgrade, ya tafi masallaci. Kafin ya dawo inbata ta ɗauke. Da safe jar fitila kawai ke ci, sikirin baƙi ƙirin. Dalilin a fili yake: a daidai lokacin na'urar tana cire tsofaffin fayilolin da take tashi da su tana rubuta sababbi, aka yanke ta a tsakiya, tsohon ya tafi sabon bai zauna ba. Na tambaye shi, "Ƙanina, ina kwafin katin?" Ya tsaya yana kallona. Babu. Aikin ya koma farko, kuɗin mota da na data duk daga aljihuna.

Don Allah wa ya aike ku? Na'urar da ba ta taɓa intanet, tana aikinta lami lafiya, me kake nema a cikinta da daddare? Ni ga yadda nake yi, ko da wasu za su ce na cika tsoro. Ba na sabuntawa sai da hantsi, rana ta buɗe batiri ya cika. Ba na yi a kan janaretan mai cajin waya, don shi ko sallama ba ya yi kafin ya kashe. Ina ɗora ta a kan pawa bank cikakke da aka zare daga soket, domin da yawansu suna yanke wuta na ƙiftawar ido in wutar soket ta zo ko ta tafi. Kafin in buga komai kuma sai na kwafe katin gaba ɗaya zuwa wani da manhajar kwafe kati ta SD Card Copier, na sa shi a ambulan na rubuta kwanan wata. In ta yanke maka amma ta sake tashi, buga sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install, sau da yawa tana warkewa. Wadda ke kan intanet kullum dai dole a riƙa sabunta ta saboda tsaro, amma bisa wannan ƙa'ida.

Na biyu a tsada shi ne katin bogi. Ka ga an rubuta 64GB, kuɗinsa bai kai na 16GB na gaske ba, ka ce ka yi sa'a. Araha ba ta ado. Irin wannan katin yana yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa, da zarar rubutu ya wuce ainihin cikinsa sai ya riƙa taka abin da ke ciki ko ya zubar da sabon. Shi ya sa yake aiki da farko, ya watse ranar sabuntawa ta farko. Duk katin da na saya sai na gwada shi da manhajar auna kati, H2testw ko f3, kafin ya shiga na'ura, ko wa ya sayar mini. Cajar ma haka. Pi 4 tana son 5V da 3A, Pi 5 har 5A. Cajar ƙaramar waya da siririyar igiya sukan bar wutar ta faɗi ƙasa da 4.63V, na'urar ta yi ta gargaɗi kuna sharewa, har katin ya tafi.

Akwai masu tsallaka daga wata fitowar manhajar zuwa sabuwa, kamar daga Bullseye zuwa Bookworm, ko daga Bookworm zuwa Trixie ta 2025, ta hanyar canja suna a fayil ɗin sources.list, wanda ke nuna wa na'urar inda za ta jawo manhajoji. Masu manhajar da kansu sabon girki suke ba da shawara. Ɗauki wani kati ka ɗora sabuwar, ka bar tsohon a ajiye har ka gamsu. Umarnin rpi-update kuwa ka rabu da shi, kayan gwaji yake jawowa.

Sauran ƙanana ne. Sunan shiga pi da kalmar sirri raspberry an cire su tun 2022, naka za ka saita a Imager, har da wayifai. Bidiyon koyarwa kuma duba shekararsa, domin a Bookworm fayil ɗin saiti na config.txt ya koma /boot/firmware, saitin sadarwa ya koma hannun manhajar NetworkManager. Kada ka zare igiyar wuta don kashewa, buga sudo poweroff ka jira koriyar fitila ta daina ƙiftawa. In apt, wato manhajar sabuntawa, ta ce fayil bai kai lokacin aiki ba, agogo ne: Pi 4 da waɗanda suka girme ta ba su da agogo mai batiri, sai sun samu intanet suke gyara lokaci, to ka ba ta 'yan mintuna bayan ta haɗu. A watan Afrilu kuma kada ka kulle ta a akwatin roba ƙarƙashin rufin kwano, in zafinta ya haura digiri 80 da kanta take rage gudu. Sa mata ɗan fanka.